Juma'a a Kiel, Asabar a Oslo, Lahadi a Gida

Alhamis da daddare, Hamburg

Kawu ya zo Jamus ganin jikokinsa, kuma zaman ɗaki ya fara isarsa. Mutumin da ya saba buɗe shago a Kano tun hantsi bai ɗaga ba, yanzu ba shi da aiki sai leƙen titi ta taga. Da na kawo masa maganar mu leƙa wata ƙasa a ƙarshen mako, sharaɗi guda ya gindaya mini: kada a haɗa shi da jirgin sama. Ya ce wanda zai mayar da shi gida ya ishe shi, ba zai sake cire takalmi da bel a gaban mutane ba sai dole.

Hakan ya sa na nemo mana tafiyar Kiel zuwa Oslo. Tsarinta ba shi da wuyar ganewa. Kullum da ƙarfe 2 na rana jirgin ruwan kamfanin Color Line yana tashi daga Kiel a arewacin Jamus, ya isa Oslo, babban birnin Norway, da ƙarfe 10 na safiyar washegari. Ya tsaya awa 4, ya juyo da ƙarfe 2, ya iso Kiel da ƙarfe 10 na safiyar da ke biye. Wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa a jirgi guda yana riƙe da ɗakinsa har ƙarshen tafiyar, kayansa na ciki yayin da yake yawo a Oslo. Jirage biyu ne ke wannan zirga-zirga, Color Fantasy da aka gama ƙerawa a 2004 da Color Magic na 2007, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Hanyar kuwa tsohuwa ce, tun 1961 ake binta.

Takardu su ne abin da na fi dubawa. Norway ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, don haka bizar da ta shigo da Kawu Jamus ita za ta kai shi Oslo. Ni kuma fasfona da katin izinin zama. Duk da babu shingen iyaka na yau da kullum, ana iya tambayar takardu a kowane ɓangare, saboda haka fasfo a aljihu yake kwana.

Jirgin ƙasa kuma, ni ina da Deutschlandticket, tikitin wata-wata da aka fara a Mayun 2023 kan Yuro 49, ya koma 58 a Janairun 2025. Yana aiki a bas da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar, ban da masu gudun nan na dogon zango. Kawu baƙo ne, shi sai tikitin yini na jihar Schleswig-Holstein, wanda ya haɗa da Hamburg. A ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, kuma hakan ya yi mana daidai.

Uwargida ta haɗa mana burodi da dafaffen ƙwai da dabino da filas na shayi. Kawu ya sa buta a jakarsa, babu wanda ya yi masa gardama.

Juma'a

Mun shiga jirgin ƙasa a babbar tashar Hamburg bayan ƙarfe tara. Tafiyar awa ɗaya da kusan kwata ce, ta Neumünster, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai koren ciyawa da shanu baƙi da fari da dogayen fankokin samar da lantarki. Kawu ya kafa wa shanun ido, ya tambaye ni ina makiyayinsu. Na ce waya ce mai lantarki ke tsaronsu. Ya girgiza kai, ya ce to ai shi ya sa ba a faɗa.

Abin da ya sa wannan tafiya ta dace da mai jirgin ƙasa shi ne kusancin tashoshin biyu. Da ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Kiel, ruwa na gabanka, jirgin kuma ga shi can a ɗaya gaɓar ya tokare sama. Wata 'yar gadar ƙafa ce za ka tsallaka, Hörnbrücke, wadda ke naɗewa gida uku idan ƙananan jirage za su wuce. Daga nan zuwa tashar Norwegenkai bai fi tafiyar minti goma zuwa sha biyar ba, har da jan akwati. Babu tasi, babu awon kaya, babu mai ƙwace maka ruwan sha. Mun nuna takardu, aka ba mu kati wanda shi ne tikiti, shi ne kuma makullin ɗaki.

Kawu ya tsaya a bakin gilashin tashar yana kallon tireloli suna shiga cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, duk waɗannan da mu za su tafi?"

"Da mu, Kawu. Suna ƙasa, muna sama."

"To wannan ai unguwa ce aka ɗora a kan ruwa."

Tsawon jirgin ya kai kimanin mita 224, yana ɗaukar fasinja fiye da 2,500 da ɗaruruwan motoci. A tsakiyarsa akwai wani dogon titi mai rufi, shaguna da wuraren cin abinci dama da hagu, lif na gilashi na hawa da sauka. Ɗakinmu na ciki ne, marar taga, irin mafi araha: gadaje biyu, banɗaki da shawa, talabijin da ke nuna taswirar inda jirgin yake. A wannan hanya dole kowane fasinja ya kama ɗaki, ba a kwana a kujera.

Juma'a ta sauka a kanmu a matsayin matafiya, muka yi Azahar raka'a biyu kafin a tashi. Na kawo shawarar mu haɗa da La'asar mu huta, Kawu ya ce a'a. A karatun da ya yi na mazhabar Malikiyya, rangwamen haɗa salloli na matafiyin tudu ne, na ruwa ƙasaru kawai yake yi, kowace salla a lokacinta. Ban ja ba. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, kuma tunda jirgin arewa ya nufa, tana bayanmu ta hannun dama. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin wannan tarin ƙarfe, taswirar talabijin ta fi shi amfani.

Ƙarfe biyu daidai aka busa ƙaho, muka hau can sama. Mashigin ruwan Kiel ya kai kilomita 17, kuma kusan duk abin da ke gaɓarsa yana da alaƙa da yaƙi ko ciniki. Daga dama, dab da inda muka taso, ga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa inda har yau ake ƙera jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. A garin nan ne sojojin ruwa suka yi bore a Nuwamban 1918, boren da ya bazu har sarkin Jamus ya bar gadon mulki cikin 'yan kwanaki. Gaba kaɗan daga hagu sai ƙofofin Holtenau, bakin magudanar Kiel mai tsawon kilomita 98, wadda aka buɗe a 1895 don jirage su tsallaka daga tekun Baltic zuwa tekun Arewa ba tare da sun zagaye Denmark ba. Jiragen kwantena na jere suna jiran layi. A bakin fita kuma, daga dama, ga hasumiyar Laboe ta jan bulo, mita 72, wurin tunawa da waɗanda suka mutu a teku, a gindinta an girke wani tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa, U-995, a kan rairayi.

Da ƙasa ta fara nisa na kashe mana intanet ɗin wayoyi. A tsakiyar teku waya kan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi, kuma wannan layin ba ya cikin yarjejeniyar da ta sa kiran waya a ƙasashen Turai yake kamar na gida. Mutum yana iya kwana lafiya ya tashi da bashi.

Wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna mutane suka fara tururuwa zuwa sama da kyamarori. Gadar Storebælt ce ta bayyana, wadda ta haɗa tsibiran Fyn da Sjælland na Denmark, aka buɗe wa motoci ita a 1998. Ginshiƙanta biyu sun kai mita 254, tazarar da ke tsakaninsu mita 1,624, kuma tsakanin ruwa da cikin gadar mita 65 ne. Daga nesa lissafin ya isa. Da muka matso sai ido ya ƙaryata lissafi, bututun hayaƙin jirgin ya miƙe kamar zai doki ƙarfen gadar. Na ji Kawu yana salati ƙasa-ƙasa, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙe ƙarfen jingina. Inuwar gadar ta bi ta kanmu, muka ji rugugin motoci a sama, yara suka sa ihu, cikin 'yan daƙiƙoƙi muka fita ta ɗaya gefen. Kawu ya saki ƙarfen, ya gyara zaman hula, ya ce wanda ya auna wannan abu ya ci kuɗinsa halal.

Abincin dare mun ci shi ne a babban zauren da kowa ke ɗiba da kansa. Akwai naman alade a cikin jerin, don haka muka tsaya a ɓangaren kifi, kuma nan ɗin ma ya ishi mutum: kifin salmon gasasshe da mai hayaƙi, jatan lande, dankali, ganyaye, burodi iri-iri. Duk abin da muka yi shakka muka tambayi ma'aikata, suka gaya mana abin da ke ciki.

Farkon Yuni ne, rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma saura. Kawu ya yi ta duba agogo yana duba sama. Har sha ɗaya ta wuce akwai sauran ja a gefen arewa.

Asabar

Cikin dare muka wuce tekun Kattegat muka shiga na Skagerrak, inda ruwa ya fi buɗewa. Jirgin ya ɗan yi rangaji, ƙofar banɗaki na motsi, amma bai kai ga tashin zuciya ba. Wanda ya san ruwa na juya masa ciki ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, ya kuma guji watannin hunturu.

Duk wanda ya yi wannan tafiya ya kwanta har ƙarfe tara ya yi asarar rabin kuɗinsa. Mashigin Oslo ya kai kimanin kilomita 100, kuma da sassafe ake shigarsa. Mun fito da filas ɗinmu da rigunan sanyi. Duwatsu masu sulɓi, dazukan itacen fir har bakin ruwa, ƙananan gidajen katako ja da fari da rawaya, kowanne da 'yar matakala da kwalekwale a ɗaure. A tsakanin Horten da Moss jiragen fito suna tsallakawa da motoci ta gabanmu.

Sai ruwan ya tsuke a Drøbak, har kana iya ganin labulen tagogin mutane. A tsakiyar mashigin akwai tsibiri da tsohon sansanin soja na Oscarsborg, bakunan igwa suna kallon kudu, wato inda muka fito. A nan na ba Kawu labarin asubahin 9 ga Afrilun 1940. Jamus ta aiko da ayarin jiragen yaƙi don kama Oslo da sarkinta, babban jirgin Blücher ne a gaba, sabo ful. Kwamandan sansanin, Kanar Birger Eriksen, bai samu wani umarni bayyananne daga sama ba, ya yanke shawarar buɗe wuta. Igwoyinsa na kamfanin Krupp na Jamus ne, ƙirar 1893, makaman topidon da ya harba su ma sun kai shekara 40. Blücher ya kama da wuta ya nutse, ɗaruruwan mutane suka mutu. Jinkirin da hakan ya jawo shi ya ba Sarki Haakon na VII da gwamnati da 'yan majalisa damar ficewa daga Oslo, aka kuma kwashe zinariyar baitulmali. Gawar jirgin tana nan a ƙasan ruwan da muke bi. A Kiel aka ƙera shi, a gaɓar da muka baro jiya.

Kawu ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce wato da makamin da suka sayar aka kashe su, kuma yau jikokinsu ne cike da jirgin nan suna ɗaukar hoto. Na ce haka ne. Ya ce Allah ya ba mu irin wannan mantuwar a ƙasarmu.

Ƙarfe goma muka sauka a tashar Hjortnes. Awa huɗu a takarda, amma in ka cire lokacin fita da na komawa kafin a rufe ƙofa, abin da ya rage bai fi uku ba. Ba a cin Oslo a wannan lokaci, sai dai a ɗanɗana, don haka muka zaɓi bakin ruwa kawai muka bi shi da ƙafa. Minti ashirin da ɗoriya ya kai mu Aker Brygge, tsohuwar ma'aikatar jirage da ta zama wurin shaguna da gidajen abinci, daga nan sai zauren birnin mai hasumiyoyi biyu na jan bulo, wanda aka buɗe a 1950. Shiga kyauta ne. A babban ɗakinsa mai zane-zane a bango ake miƙa kyautar Nobel ta zaman lafiya kowace 10 ga Disamba. Na lissafa wa Kawu 'yan Afirka da suka tsaya a wurin: Nelson Mandela a 1993, Kofi Annan a 2001, Wangari Maathai a 2004, Ellen Johnson Sirleaf da Leymah Gbowee a 2011, Denis Mukwege a 2018. Ya sa na ɗauke shi hoto a tsakiyar ɗakin, babbar riga da komai.

A wani shagon kifi kusa da gaɓa ya hango busasshen kifi a rataye, ya gane shi nan take, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Daga arewacin Norway yake fitowa, musamman tsibiran Lofoten, inda ake shanya shi a kan katakai iskar sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa. Ya tambayi farashi, na juya masa kuɗin zuwa naira, ya mayar da kifin inda yake a hankali.

Mun bi ta gindin ganuwar Akershus, wadda aka fara ginawa wajen shekarar 1300, muka ƙarasa gidan opera da aka buɗe a 2008. Rufinsa na farin dutsen marmara ne daga Italiya, an karkatar da shi har cikin ruwa don mutane su taka su hau. Daga sama ana ganin sabon gidan tarihin mai zane Munch da tsibirai da jirginmu can nesa. Abin da Kawu ya lura da shi a titi shi ne rashin ƙara. Motoci na wucewa ba a jin injinsu. A 2024 kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin da aka sayar a Norway masu lantarki ne.

Kuɗin ƙasar krone ne, amma ba mu canza ko sisi ba, kati ake karɓa ko'ina. Tikitin Jamus ba ya aiki a nan, sai da muka sayi na birnin muka hau taragon titi ya rage mana hanyar komawa. Gidajen tarihi na Bygdøy da lambun gumakan Vigeland da unguwar Grønland mai masallatai da shagunan 'yan Pakistan da Somaliya duk mun bar su. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Da yamma jirgin ya sauya fuska. Yanzu 'yan Norway ne suka fi yawa, su ne ke fara tasu tafiyar ta ƙarshen mako, kuma kantin da ba a biyan haraji ya cika maƙil. Suna tura kekunan saye cike da giya da taba da alewa. A nan sirrin arahar tikitin jirgin yake. An soke cinikin da babu haraji tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai a 1999, amma tunda Norway tana waje, wannan hanya ta tsira da shi, kuma harajin giya da taba a Norway mai nauyi ne. Tireloli a ƙasa suna biyan nasu, kanti da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa a sama suna kawo nasu, shi ya sa ake iya sayar da ɗaki da sauƙi don dai mutum ya shigo. Wanda ba ya sha, ba ya caca, ya kuma taho da guzurinsa, shi ne ya fi kowa cin ribar tsarin. Kawu da ya gane lissafin ya yi dariya, ya ce ashe mashaya ne suka biya mana kuɗin mota. Cakulan kawai ya saya wa jikoki.

Lahadi

Mun sake bi ta ƙarƙashin gadar da sassafe, wannan karon Kawu na barci abinsa. Karin kumallo muka yi da ragowar burodi da shayi mai zafi daga wani kanti, muna kallon gaɓar tsibirin Langeland, sannan hasumiyar Laboe ta fito daga hagu. Ranar hutu ce, mashigin Kiel ya cika da ƙananan jiragen filafilai. Garin ya shahara da wannan wasa: a nan aka yi tseren jiragen filafilai na gasar Olympics ta 1936 da ta 1972, kuma a ƙarshen kowane Yuni ana yin bikin Kieler Woche. Mai son tafiya a makon bikin ya sa ran cunkoso a jirgin ƙasa.

Ƙarfe goma muka sauka, muka tsallaka 'yar gadar, muka tarar da jirgin Hamburg. A ƙarshen mako tikitin jiha yana aiki tun safe, babu jiran ƙarfe tara. Kafin Azahar muna gida, Kawu na ba jikoki labarin gada yana ƙara mata tsawo.

Litinin

Wani abokin aiki ya tambaye ni ko don kare muhalli muka ƙi jirgin sama. Na ce masa kada ya ɗora mana rawanin da ba namu ba. Jirgin ƙasa zuwa Kiel tabbas ya fi mota sauƙin hayaƙi, amma jirgin ruwa mai ɗauke da otal da kantuna da wurin ninƙaya yana shan mai ba kaɗan ba. An dai rage wasu illolin: tun 2015 doka ta ƙara taƙaita sinadarin sulfur a hayaƙin jiragen da ke tekun Baltic da na Arewa, kuma a Kiel da Oslo jirgin yana jona wutar tasha maimakon ya bar injinsa na aiki a tsakiyar gari. Wannan bai mayar da shi keke ba.

Ribar tafiyar a wani wuri take. Jirgin sama daga Hamburg zuwa Oslo awa ɗaya da rabi ne, amma zai ajiye ka a Gardermoen, kusan kilomita 50 daga birnin, ka nemi otal a ɗaya daga cikin garuruwa mafi tsada a Turai, kuma ba za ka ga Laboe ko Storebælt ko Drøbak ba. Jirgin ruwa shi ne motarka, shi ne masaukinka, ya ɗauke ka a tsakiyar gari ya sauke ka a tsakiyar gari. Dattijo da mai ƙananan yara da mai tsoron sama duk suna iyawa, hutun aiki kuma Juma'a kaɗai ake ɗauka. Irin wannan tafiya ba ta Kiel kaɗai ba ce: akwai ta Copenhagen zuwa Oslo, da ta Stockholm zuwa Helsinki, da ta Newcastle zuwa Amsterdam, sai dai wannan ta ƙarshe tana buƙatar bizar ɓangarorin biyu tunda Birtaniya ba ta cikin Schengen.

Wanda burinsa ya san Oslo ya sauka ya kwana biyu ko uku ya dawo a wani jirgin. Wanda kuwa baƙo ya zo masa daga gida, zaman ɗaki ya gundure shi, ya duba ranakun bizarsa, ya sayi tikiti da wuri, ya ɗauki rigar sanyi ko da bazara ce, ya kuma tashe shi da asuba ranar Asabar kafin a kai Drøbak.